Yadda za ka kula da hankalinka in kasuwa ta karye

Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can ta bayan fage, ya yi tsada a Garwa da Marwa, nan gida Kamaru kuma litar super, wato fetur na gidan mai, ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, aka sake kai ta 840 a Fabrairun 2024, ga ambaliyar 2024 da ta cinye gonaki da gidaje a wajen Yagwa. Kowa aljihu yake kuka da shi, amma wallahi abin na cin mutum a kai ma, kuma wannan ba a faɗa.

Fara da lura da kanka. Ka kwanta barci ya ƙi zuwa sai lissafi har kiran asalatu, abinci ba ya shiga, yaro ya ce Baba kuɗin makaranta sai ka daka masa tsawa, waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi don ka san mai bashi ne. Wannan ba raunin imani ba ne ɗan'uwa, damuwa ce, jiki ne ke nuna kaya sun yi masa yawa.

To ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk wanda ke binka da nawa, da abin da gida ke ci a sati. Bashin da ke yawo a kai cikin dare kullum ya fi na kan takarda girma. Sannan kar ka jira mai bashi ya zo ƙofar gida, kai ka je ka same shi, ka ce Alhaji ga halin da nake ciki, zan riƙa kawo jaka biyu duk Juma'a, ko bai ji daɗi ba dai ka huta da ɓuya. In kana adashi ka roƙi uwar adashi a rage maka zubi kafin ka kasa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye wa uwargida. Maza da yawa gani suke in sun faɗa girmansu ya zube, alhali ita ke riƙe da tukunya, ta riga ta gani tun ranar da cefane ya ragu, abin da ba ta sani ba shi ne dalilin fushin, sai ta ɗauka ita ce ta yi laifi ko wata ce a waje, daga nan rigima. Zauna da ita ku yi lissafin tare. Ke ma 'yar'uwa in jarin ƙosai ko na ƙuli ya narke, faɗa masa, kar ki ci bashi a ɓoye.

Samari masu moto, dan Allah ku bar tramol. Yana ba ka ƙarfin wuni guda ya bar ka da jaraba, wani har farfaɗiya yake sa shi.

Kar ka daina fita majalisa da jam'i don ba ka da na shayi. Addu'a kuwa a riƙe ta, amma in baƙin ciki da rashin barci sun wuce sati biyu kullum, ka je asibiti ka faɗa wa likita ko nas ba kwana-kwana, akwai magani. In kuma ka ji wani na cewa gara ya mutu ya huta, kar ka ɗauka wasa ne, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshin auduga da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.