Siririyar safaya ko cikakkiya: yadda za ka zaɓa da yadda za ka yi tafiya a kanta

Yawancin direbobi ba sa sanin irin safayar da ke kwance a but ɗin motarsu sai ranar da taya ta yi faci a hanya. A ranar ne mutum zai ɗaga shimfiɗar but ya tarar da wata siririyar taya mai kama da ta babur, ko kuma ya tarar babu taya ma sam, sai kwalbar ruwan toshe huji da ɗan famfon lantarki. Saboda haka, ka buɗe but ɗinka tun kana gida ka ga abin da kake da shi, ka kuma tabbatar jak da sifanar kwance noti suna nan.

Ana gane siririyar safaya da harafin T a farkon lambar girmanta, misali T125/70D16. Lambar 125 faɗinta ne a milimita, alhali tayar ƙaramar mota takan kai milimita 185 zuwa 225. Masu ƙera motoci sun karkata gare ta ne domin ba ta da nauyi, ba ta cin fili, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Cikakkiyar safaya kuwa girmanta ɗaya da sauran tayoyi huɗun, ko da wilinta na ƙarfe ne su kuma nasu na alminiyom.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne iska. Siririyar safaya tana bukatar psi 60 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), wato kusan ninki biyu na abin da ake sa wa taya ta yau da kullum, wadda galibi take tsakanin psi 30 da 35. Da wannan iska mai yawa ne take iya ɗaukar nauyin mota duk da ƙanƙantarta. Taya kuwa tana sacewa a hankali ko da ba a taɓa ta ba, shi ya sa safayar da ta shekara biyu ba a duba ta ba sau da yawa akan same ta a sace a daidai lokacin da ake bukatarta. Duk lokacin da za ka auna iskar tayoyinka, ka haɗa da ita, musamman kafin doguwar tafiya.

Idan ka ɗaura ta, kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa. Wannan iyaka tana rubuce a jikin wilin. Game da nisa, galibi ana ba da shawarar kada a wuce kilomita 80 zuwa 110, amma littafin motarka shi ne mai magana ta ƙarshe. Dalilin waɗannan iyakoki yana da muhimmanci a fahimce shi, domin wanda ya san dalili ya fi kiyaye doka. Ɓangaren tayar da ke taɓa ƙasa kaɗan ne, zanenta kuma ba shi da zurfi, don haka mota ba za ta tsaya da wuri ba idan aka taka birki, tana kuma iya zamewa a kwana, balle idan ana ruwan sama. Bugu da ƙari, a motoci da yawa kewayenta bai kai na sauran ba, sai ta riƙa juyawa da sauri fiye da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. Wannan bambanci yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafar hagu da ta dama, yana kuma iya rikita na'urar ABS mai hana ƙafafun mota kullewa idan aka taka birki da ƙarfi, wadda take aiki da ƙidayar juyawar kowace ƙafa. Motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja ita ta fi cutuwa da wannan. Kada ka ja tirela da ita, kada ka cika wa mota lodi, kuma kada ka taɓa ɗaura irinta biyu a lokaci guda.

Akwai wata dabara da ta cancanci wahalarta. Idan motarka da gaba take ja, kuma tayar gaba ce ta yi faci, ka ciro lafiyayyar taya daga baya ka mayar da ita gaba, sannan ka sa siririyar a baya, muddin tayoyin gaba da na baya girmansu ɗaya. Ɗaga jak sau biyu ne, amma ƙafafun gaba su ne suke ɗauke da sitiyari da jan mota da mafi yawan aikin birki, bai kamata a bar wa raunanniyar taya wannan nauyi ba.

Wacce za ka zaɓa? A ganina hanyar da kake bi ce za ta yanke hukunci. Wanda zirga-zirgarsa a cikin gari take, inda mai faci bai fi 'yan mintoci ba, siririya ta ishe shi. Amma wanda yake doguwar tafiya, ko tafiyar dare, ko hanya marar kwalta mai ramuka da duwatsu, ko yake ɗaukar iyali da kaya, cikakkiya ce ta dace da shi, domin da ita zai ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru. Kwalbar toshe huji kuwa ƙaramin hujin ƙusa kawai take magancewa. Idan gefen taya ya yage, ba ta da amfani.

Kafin ka sayi cikakkiya, ka auna zurfin ramin da ke cikin but da faɗinsa, domin wasu ramukan siririya kaɗai suke ɗauka. Ka tabbatar yawan hujin noti da tazararsu, irin 4x100 (wato huji huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100) ko 5x114.3, sun yi daidai da na motarka, ka kuma tambayi bakanike ko notin da kake da su za su zauna a kan sabon wilin, tunda na alminiyom da na ƙarfe sukan bambanta. Ka guji taya mai kibiya a gefe, wadda fuska ɗaya aka yi ta ta juya, domin ba ka san gefen da zai yi faci ba. Idan ba ta shiga ramin ba, ka ɗaure ta tamau, saboda sakakkiyar taya mai nauyin kilo 20 haɗari ce babba ga fasinjoji idan aka yi karo.

Ko wacce iri ce, ka duba shekarunta. A ƙarshen lambar da ta fara da haruffan DOT a gefen taya akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta tsattsage ko da zanenta sabo ne fil, don haka daga shekara shida ka riƙa sa ƙwararre ya duba ta, idan ta kai goma kuwa ka canza ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba.