Yadda Dattawan Ikkilisiya Za Su Yi Wa Mara Lafiya Addu'a

Wasiƙar Yakubu 5:14-16 ce ta shimfiɗa ƙa'idar: mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, su yi masa addu'a, suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Umarnin gajere ne, amma wajen aiwatarwa ake yawan tuntuɓe.

Aikin yana farawa tun kafin ku taka ƙofar gidan. A Markus 9 almajirai sun yi iya yinsu a kan yaron nan mai baƙin aljani, abin ya gagara. Da suka tambayi Yesu a keɓe, sai ya ce irin wannan ba ya fita sai da addu'a. Ku lura, Markus bai ce Yesu ya tsaya yin addu'a a wurin ba. Ya riga ya saba fita tun da asuba ya keɓe kansa (Markus 1:35). Saboda haka ku haɗu tukuna, ko na minti goma ne, ku roƙi gafara, ku daidaita duk wani saɓani da ke tsakaninku.

Ku je mutum biyu ko uku. A gidan Yayirus, wanda 'yarsa ta mutu, iyayen yarinyar da almajirai uku kaɗai Yesu ya bari suka shiga. A Yafa ma sai da Bitrus ya fitar da kowa kafin ya durƙusa kusa da gawar Tabita. Cunkoso yana gajiyar da majinyaci, yana kuma hana shi faɗin abin da ke ransa. In mace ce, a tafi da mace.

Kafin ku buɗe baki da addu'a, ku yi tambaya. Kowa ya san Bartimawas makaho ne, duk da haka Yesu ya tambaye shi abin da yake so. Wani ciwon bai dame shi kamar tsoron mutuwa ba, wata kuma tunanin 'ya'yanta ne ya hana ta barci. In majinyacin ya so furta zunubi, ku saurara, ku riƙe amana. Kada ku tilasta, kada kuma ku ɗauka kowace cuta daga zunubi take. Yesu ya rushe wannan zaton a kan wanda aka haifa makaho (Yahaya 9:3).

Mai kuwa, ɗigo ɗaya a kan yatsa ya isa, a shafa a goshi bayan an nemi izini. Ku wanke hannu, ku guji rauni da ɗinki da inda aka sa allurar ƙarin ruwa. Man alama ce, iko na Ubangiji ne, don haka ba a sayar da shi. Ku tuna yadda Bitrus ya tsawata wa Siman da ya zo da kuɗi don ya sayi baiwar Allah a Ayyukan Manzanni 8.

Addu'ar ta zama gajera, a ambaci sunan mutumin da ciwonsa. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 sun wuni suna ihu, shiru. Addu'ar Iliya ayoyi biyu ce kacal, wuta ta sauko.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne bayan an ce amin. Kada ku yanke ranar warkewa, kada ku ce a ajiye magani. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, Yesu kuma ya tura kutare goma su nuna kansu ga firistoci, waɗanda su ne masu tantance warkewa. In sauƙi bai zo ba, kada ku ɗora wa majinyaci laifin ƙarancin bangaskiya. Wannan maganar takan fi ciwon zafi, ta kori mutane da yawa daga ikkilisiya. Bulus da kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar jikinsa, aka amsa masa da alheri. Ya kuma bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya.

Kada ziyarar ta wuce minti ashirin. Kafin ku fita, ku duba ko akwai abinci da mai jinya, domin bayan ta da 'yar Yayirus, Yesu ya ce a ba ta abinci. Ku sa ranar dawowa, ku kuma cika ta. Sau bakwai Iliya ya tura baransa ya duba teku kafin gajimare mai girman tafin hannu ya bayyana.