Un, in, non da dis: yadda zaka karanta goshin kalmar Turanci kafin ta ci maka riyal

Tikiti ne ya jawo wannan rubutun. Bara da iyalina za su je Kano hutu na shiga wani ofishin sayar da tikiti a nan Jidda, ba zan kama sunansu ba don laifin ma nawa ne, aka nuna min farashi biyu a kwamfuta na ɗauki mai araha saboda idona ya hango refundable a ƙasa, nace toh ko an fasa tafiya ai kuɗina zai dawo. Aka kuwa fasa, yarinya ta kwanta rashin lafiya. Da na koma karɓar kuɗi mutumin bai ma ɓata bakinsa ba, allon kawai ya juyo min ya ɗora biro a kan harafi uku da ke gaban kalmar. Non-refundable. Kuɗin da ba a mayarwa. Haka na fito ina salati.

Matsalar ita ce mu in za mu kore abu kalma guda muke ajiyewa a fili, lafiya da rashin lafiya, mai kunya da mara kunya. Balarabe ma haka, ghair mutah, ghair salih, ido ba ya tsallake ghair ɗin nan. Shi kuwa Bature harafi biyu ko uku zai manna a goshin kalma, abin da malaman Hausa ke cewa ɗafa-goshi, shikenan ma'ana ta kife. Mu kuma da muke aiki da 'yan Indiya da 'yan Filifin, ga takardun asibiti ga saƙon banki, dole mu ci karo da su kullum.

Abu na farko, sa yatsa ka rufe goshin. In abin da ya rage kalma ce da ka sani, juya ta. Unpaid ka rufe un ya rage paid, wato ba a biya ba. Unavailable babu shi yanzu. Unlimited ɗin da STC ko Mobily ko Zain ke rubutawa a tallan data, mara iyaka. Invalid da manhajar banki ke jefo maka in ka kuskure lamba, bai inganta ba, shi ne ghair salih. Un ɗin nan ba shi da wahala, abu ɗaya zaka kula, in ya hau kan kalmar aikatau ba cewa yake ba a yi ba, cewa yake a warware abin da aka yi. Lock kulle, unlock buɗe. A sitonmu load loda mota, unload sauke kaya. Unplug zare waya daga soket.

Sai in, wanda shi ne mai sauya riga. Zaka ga impossible, illegal, irregular ka zata gida uku ne, alhali duk in ne. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya san wannan karatun wallahi. Nunun mai sukun in ta haɗu da ba'un ai mim take komawa, min ba'di a karanta mim ba'di. In ta haɗu da ra ko lam sai ta narke a ciki, min rabbihim ya koma mir rabbihim. Ko a bakinmu ma, wa yake cewa gidan Bala da n sosai? Gidam Bala muke cewa, Bakano ma har rigal Lami yake cewa. Toh haka n ɗin in yake yi. A gaban b da m da p ya koma im, kamar imbalance, immature, impatient. A gaban l ya koma il, illegal da illiterate. A gaban r ya koma ir, irregular da irresponsible. Shi ya sa ake ninka harafin a rubutu, l biyu a illegal, ɗaya na goshi ɗaya na kalmar, in ka riƙe wannan ka daina kuskuren rubuta su.

Amma fa in ɗin nan maƙaryaci ne wani lokacin, a nan nake so a nutsu. Akwai wani in daban da yake nufin ciki, kama kawai suka yi kamar Hassan da Hussaini. Income kuɗin da ke shigowa ne. Import shigo da kaya, inject sa allura, immigration da kake gani a filin jirgi shige ne ba wai rashin wani abu ba. Waɗannan da sauƙi, babu wanda za su cutar. Mai cutarwar ita ce inflammable.

Akwai wani yaro ɗan Katsina da aka kawo mana sito, yana da Turancinsa daidai gwargwado, har ma shi yake karanta wa wasu takarda. Ranar nan bayan la'asar na zagaya baya na tarar ya girka ɗan risho yana dafa shayi a gindin wata durom shuɗiya, inuwa ya biyo. Nace kai ɗan'uwa kana hauka ne? Yace Yaya ai na duba, waccan ce aka rubuta flammable, wannan inflammable ce ba ta kama wuta. Ka ga ya bi ƙa'ida tsaf, ya rufe goshi ya juya, ƙa'idar ce ta yaudare shi. Flammable da inflammable abu ɗaya ne, duk mai saurin kama wuta, don in ɗin nan na cusa wuta ciki ne, daga kalmar Latin inflammare. Wannan ruɗanin ne ma ya sa masana harkar gobara a Amurka tun shekarun 1920 suke cewa a riƙa rubuta flammable kawai. Wanda ba ya kamawa non-flammable ake rubuta masa. Don haka a kan durom ko tankar mai ko gwangwanin feshi kar ka tsaya nahawu, duba hoton harshen wuta a jan tambari, ka duba layin Larabcin da ke gefe, in ka ga qabil lil ishti'al, wato mai kama wuta, ɗauke rishonka. Wannan ita ce garaɓasar zama a ƙasar nan, kusan komai da Larabci a gefensa, in babu kalmar korewa irin su ghair ko la ko adam a Larabcin toh ka yi shakkar korewar da kake gani a Turancin.

Infamous ma haka, ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne.

Non kuma da ya ci min kuɗi shi ne ma ya fi kowa gaskiya, rarrabewa kawai yake, wannan ba ya cikin wancan. Duk wanda ya bi hanyar Jidda zuwa Makka ya ga allon nan kafin shingen Shumaisi, Muslims only ta nan, non-Muslims su ratse ta can. Non-stick kaskon da ba ya kamu, non-stop jirgin da ba ya yada zango, non-smoking wurin da ba a shan taba. Bambancinsa da un yana da daɗin sani, non ba ya zagi, un kuwa yakan yi. In aka ce mutum non-professional ne, ba sana'arsa ba ce kawai. In manaja yace maka unprofessional toh faɗa ne, ka yi aikin banza yake nufi.

Dis yawanci rabawa ne ko cirewa, disconnect, disagree, dishonest. Masu aikin shara a asibiti ku riƙe wannan, uninfected bai kamu da cuta ba, disinfected an wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Unable ya kasa, disable an kashe abu ya daina aiki. Mis ba korewa ba ne, an yi amma an yi ba daidai ba, misuse, misunderstand. Akwai kuma a tilo da ya zo daga Girkanci, wanda korona ta koya mana a 2020, asymptomatic, yana ɗauke da cutar amma babu alama.

In kai ne zaka yi magana ko rubutu, wanne zaka ɗauka? Gaskiya babu ƙa'idar da ba ta yoyo. Un ɗan gida ne a Turanci tun asali, in kuma baƙo ne da ya zo da kalmomin Latin da Faransanci, sai suka cakuɗe har a gida ɗaya, unable amma inability, unjust amma injustice, unequal amma inequality. Waɗannan hadda ce kawai. Abin da na lura, kalmar da ta ƙare da ed ko ing ko ful yawanci un take so, unexpected, unwilling, unsuccessful, duk da inexperienced ta fita zakka. In ka rikice a gaban mutane kar ka ƙirƙiro unpossible a yi maka dariya, sa not kawai, not possible, not correct, kowa zai gane.

Saura invaluable, da ita ma ta taɓa kama ni. Bayan mun gama ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara, kwana uku muna fita ƙarfe goma sha ɗaya na dare, manajanmu ya turo min saƙo a WhatsApp wai your help was invaluable. Na rufe goshi na juya, mara daraja. Kwana biyu ina gaishe shi a daƙile, har na fara tambayar wani aikin a kasuwar Bab Sharif. Sai wani ɗan Sudan da ke kula da lissafi ya karɓi wayar ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, yace ya zol, la yuqaddar bi thaman, abin da tsabar darajarsa ba a iya yi masa kuɗi. Mara daraja worthless ne ko valueless. Washegari ni na kai wa manajan shayi da kaina, har yau bai san dalili ba.