Yadda za ka mayar da son ƙalƙale mota sana'ar da za ta riƙe ka

Akwai mutanen da in suka ga mota ta yi ƙura hannunsu har ƙaiƙayi yake yi, ranar hutu kowa na barci su suna durƙushe da ɗan buroshi suna ƙwaƙulo datti daga ramukan iskar esi, in kana cikinsu to ɗan'uwa da kai nake magana. Na san an sha ce maka kai ka buɗe wurin wanki mana tunda ka iya, kuma gaskiya ne akwai abinci a harkar, amma gyara motarka don jin daɗi daban, karɓar makullin motar wani da alkawarin za ka mayar masa da ita fiye da yadda ya kawo ta daban. Abu biyu ne za su riƙe ka ko su kayar da kai, sanin fenti da sanin lokacinka. Sauran duk a kan hanya ake koyo.

Da farko ka bambanta aikinka da wanki. Mai wanki yana cire dattin da ido ke gani cikin rabin awa. Kai aikinka ƙalƙale ne, ka cire abin da ya manne a jikin fenti, ka rage zane-zanen da wankin ganganci ya bari, ka fitar da tabo da wari daga kujeru, sannan ka sa kariya. In ba ka iya yi wa kwastoma wannan bayanin da bakinka cikin sauƙi ba, zai dinga kwatanta kuɗinka da na mai wanki kuma kullum kai ne mai tsada.

Yanzu maganar fenti, nan zan daɗe don nan ne mutane ke shiga uku. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne, akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani ruwa marar launi a sama mai sheƙi wanda masu fenti ke kira kiliya. Wannan kiliyar kaurinta a yawancin motoci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai ma kai kaurin takardar rubutu ba, kuma duk zanen nan da kake gani a rana yana zagaye kamar saƙar gizo-gizo a cikinta yake. In kana folish ba cike zanen kake ba, kana kankare kiliyar ne kaɗan-kaɗan har ta daidaita da zurfin zanen. Abin da ka kankare ya tafi kenan, ba ya dawowa sai an sake fesa fenti. Shi ya sa nake roƙon duk mai shiga wannan sana'a ya sayi ɗan na'urar auna kaurin fenti kafin ya sayi wani abin ƙawa, domin ita za ta gaya maka ƙofar da aka taɓa sake wa fenti da wurin da wani ya riga ya cinye da folish. Akwai kuma gwajin farce, in ka ja farcenka a kan zane ya maƙale to zanen ya yi zurfi, kar ka ce sai ka ɓatar da shi gaba ɗaya, ka rage masa kaifi ka gaya wa mai motar gaskiya.

Injin folish iri biyu ne. Akwai mai juyawa kai tsaye, yana da ƙarfi yana da sauri amma yana tara zafi wuri ɗaya, sai kuma mai juyawa yana karkaɗawa lokaci guda irin wanda kamfanin Rupes na Italiya ya yi suna da shi, shi wannan yana da sauƙin hali ga sabon hannu. Da na biyun za ka fara. Ni da na farkon na fara saboda gaggawa, na ƙona fenti a bakin ƙofar motar wani bawan Allah da ya yarda da ni, na biya mai fenti daga aljihuna kuma har yau ina jin nauyin abin in na tuna fuskarsa. Bakin ƙofa da duk wani tudu a jikin mota fentinsu ya fi siranta, ka manna musu tef kafin ka kunna inji. Ka je wurin da ake sayar da tsofaffin kayan mota ka sayi bonet ɗaya da ƙofa ɗaya, musamman baƙaƙe don baƙin fenti ba ya ɓoye komai, ka yi ta gwaji a kansu har ka ƙona su da gangan ka ga yadda abin ke faruwa. Kuma a kowace mota ka fara da ɗan wuri ƙarami, da soso mafi laushi da man folish mafi sauƙi, in bai yi ba sannan ka ƙara ƙarfi.

Wankin kansa yana da tsari, kuma yawancin zanen da za a kawo maka ka gyara daga wanki mara tsari ya samo asali. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye safar wanki, da ɗan raga a gindin bokitin don yashi ya zauna ƙasa. Tayoyi da rim su ake fara yi da nasu buroshin da nasu bokitin, sannan jiki daga sama zuwa ƙasa. Sabulun mota na musamman wanda ba shi da kaifi, banda na wanke-wanke ko na wankin tufafi don suna cire kariyar da ke kan fenti. Kar ka yi aiki a tsakar rana ko a kan bonet mai zafi, ruwa da sinadari za su bushe su bar tabo. Bayan wanki ka shafa bayan hannunka a jikin motar, in ka ji kaushi akwai abin da ya manne, nan ne ake fesa maganin cire ɓurɓushin ƙarfe, wanda za ka ga ya koma shunayya in ya haɗu da ƙurar birki, sai a bi da yumɓun goge fenti tare da ruwan santsi. In yumɓun ya faɗi ƙasa ka jefar da shi, kar ka ji tausayin kuɗinsa, ƙwayar yashi ɗaya a ciki ta isa ta zana maka ƙofa guda.

Tawul ɗin maikirofaiba ka saya da yawa, ka raba su da launi, na fenti daban na gilas daban na rim daban, ka wanke su su kaɗai ba tare da maganin tausasa tufafi ba don yana toshe zaren.

Cikin mota kuwa nan ne kwastoma ya fi ganin aikinka, tunda a ciki yake zama. Injin zuƙe ƙura mai ɗaukar jiƙa da bushe shi ne jarinka na farko, daga baya ka ƙara injin da ke fesa ruwa a kujera yana zuƙewa, da na tururi in hali ya yi. Kar ka jiƙe kujerar yadi sharkaf, ruwan da ya shige cikin soso in bai bushe ba bayan kwana biyu motar za ta fara warin ruma kuma kai za a kira. Kar ka shafa man sheƙi a sitiyari ko feda, santsi a nan hatsari ne na rai. Gilas mai tinti ba ya son maganin da ke da amoniya. Allon dashbod tawul mai ɗan danshi kawai yake so, ka fesa a tawul ba a allon ba. In ka sayi injin ozon, wato mai fitar da wata iska mai kashe wari wadda ke cutarwa in an shaƙa, ba mutum ba dabba a cikin motar lokacin da yake aiki, kuma a buɗe ƙofofi iska ta ratsa sosai kafin kowa ya shiga. Kai ma ka kula da kanka, safar hannu da tabarau da abin rufe hanci, wasu magungunan rim masu asid suna ɗauke da haidirofulorik wanda ke ratsa fata ya yi mummunar illa, ni shawarata ka guje su kwata-kwata tunda akwai waɗanda ba su da asid kuma suna aiki.

Kariya kala uku ce za ka sayar. Kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Birazil, yana ba da sheƙi mai kyau amma makonni ne zuwa 'yan watanni. Silant, wato man kariya da ake haɗawa da sinadari, ya fi shi daɗewa. Sai seramik, wani ruwa da ke bushewa ya zama siririn ɓawo mai tauri a kan fenti, wanda in an shafa shi daidai yana shekaru, kuma shi ne ya fi kawo kuɗi, amma kar ka yi saurin shiga. Seramik yana kulle duk abin da ya tarar, in akwai zane a ƙasa zai zauna a ƙasa, don haka sai an yi folish an goge maiƙon da alkohol tukuna, a wuri mai rufi mara ƙura, sannan motar ta kwana ba ta taɓa ruwa ba kamar awa 24 ko yadda kamfanin ya rubuta. Kuma don Allah kar ka ce wa mutum seramik zai hana motarsa zanewa ko tsakuwa ta fasa fenti, ba ya hanawa, yana sauƙaƙa wanki ne yana rage illar rana da kashin tsuntsu in an cire da wuri.

In kana neman ƙaramin aiki mai saurin jawo mutane, koyi gyaran fitilun gaba da suka yi rawaya. Robar polikabonet ce rana ta cinye mata kariya, ana bi da sanfefa mai ruwa daga lamba 800 zuwa 1500 zuwa 3000, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, a yi folish, sannan dole a sa sabuwar kariyar rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma yadda take.

To sai maganar kuɗi, inda masu son aikin da zuciya ɗaya suka fi cutar da kansu. Mai son mota zai ɓata awa bakwai a kan aikin da ya karɓi kuɗin awa biyu, saboda ya kasa barin ɗan tabon nan da ke ƙarƙashin kujera. Motoci goma na farko, na 'yan'uwa da abokai, ka kunna agogon wayarka ka rubuta awa nawa kowane mataki ya ci, sinadari nawa ya tafi, soson folish nawa ya mutu, ruwa, wuta, man zirga-zirga, sannan ka ware wani abu na ranar da inji zai lalace don zai lalace. Daga nan ka yanke abin da awarka ɗaya ta cancanta ka gina farashi a kai. Ka yi kunshi uku kawai, na sauƙi da na tsakiya da cikakke, kowanne a rubuce da abin da ke ciki, kuma ka bambanta ƙaramar mota da jif da bas. Kar ka yanke kuɗi ta waya ba ka ga mota ba, gashin kare ko madarar da ta zube a kafet ta kwana biyar na iya ninka maka aiki. Kuɗin sana'a a asusu daban tun ranar farko, ko da kai kaɗai ne.

Kafin ka taɓa kowace mota ku zagaya ta tare da mai ita, ka ɗauki hoto da bidiyo na duk lotsawa da zane da tsagewar gilas, ka duba ko akwai fitilar gargaɗi a dashbod, ka sa ya kwashe kuɗinsa da takardunsa. Mota mai datti tana ɓoye tabo, in ka wanke ya fito, mai ita da gaskiyarsa zai ɗauka kai ka yi. Abin da ka tsinta a ƙarƙashin kujera, ko kwabo ne, ka sa a leda ka miƙa masa. Ka yi rajistar sana'ar yadda dokar inda kake ta tanada, ka nemi inshorar da ta shafi motocin mutane da ke hannunka, ka kuma bincika dokar zubar da ruwan wanki don ƙasashe da yawa sun hana a bar shi ya gangara magudanar ruwan sama.

Ba dole sai ka kama shago ba. Da yawa sun fara ne da zuwa gidan kwastoma ko ofishinsa da kaya a bayan mota, ba haya, kuma mutane na son a same su inda suke. Akwai sabulun wanki marar ɗauraya irin Optimum No Rinse da ke ba ka damar gama mota mai matsakaicin datti da bokiti ɗaya ko biyu, yana taimako sosai inda ba famfo. Matsalar ita ce rana da iska da ruwan sama su ke tsara maka ranarka, don haka ƙaramar rumfa mai naɗewa ta zama dole, aikin seramik kuma ka jira sai ka sami wuri mai rufi.

Talla kuwa aikinka ne zai yi maka. Manna tef a tsakiyar bonet, ka gyara rabi ka bar rabi, ka haska fitila ka ɗauka, ka sa a Instagram da TikTok da WhatsApp bayan ka nemi izinin mai motar ka rufe lambarta. Ka buɗe shafin sana'a a Google don masu nema a kusa su gan ka, duk wanda ya ji daɗi ka roƙe shi ya rubuta maka ra'ayi a can. Dillalan motoci za su kawo maka aiki da yawa amma za su matse farashi, ka karɓa don cike ranakun da ba kowa, kar ka bari su cinye maka mako. Wanda ya fi maka amfani shi ne mutumin da ka yi wa cikakken aiki ya yarda ya dinga kawo motar duk bayan mako biyu ko wata a yi mata wankin kiyayewa, aikin ba wuya tunda kai ka san fentin, kuɗin kuma kana iya lissafa shi tun kafin wata ya kama. Bayan mako ɗaya da kowane babban aiki ka kira ka tambayi yadda motar take, a wannan kiran ne za ka kawo maganar wankin kiyayewar.

Ranar da aiki ya fi ƙarfinka ka ɗauki mataimaki, ka fara ba shi tayoyi da zuƙe ƙura da tabarmin ƙafa, ka nuna masa launin tawul da dalilinsa, ka biya shi a kan lokaci. Injin folish kuwa sai ya yi watanni a kan waccan tsohuwar ƙofar da ka koya a kanta kafin ya kusanci motar kwastoma da shi, kuma ko a lokacin kai ne za ka bi da fitila ka duba kowane ɓangare kafin a miƙa makulli.