Kurakuran da mutanenmu ke tafkawa wajen kama haya a ƙasar waje

A Zariya neman ɗaki ba ya buƙatar dogon turanci. Ka sami dillali a Samaru ko Hanwa, ya goya ka a babur ku zaga, in gida ya yi maka a kai ka gaban mai shi ku gaisa. Ya tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, ina kake aiki. Hankalinsa na kwanciya ka zube kuɗin shekara, dillali ya zari la'adarsa. Da wannan sabon na tafi Jamus ƙaro karatu, kuma kusan duk asarar da na yi daga shi ta fito. Can ba ruwan mai gida da asalinka, takarda kawai ya sani.

Na fara da wanda ya fi cin mutane: tura kuɗi tun kana gida, ba ka ga ɗakin ba. Bara ɗan yayata da ya sami gurbin karatu a Ingila ya zo mini Palladan da dare yana murna. "Kawu, na sami ɗaki kusa da makaranta, rabin kuɗin da sauran ke faɗa. Mai gidan yana aiki a wata ƙasa, ya ce in tura kuɗi ta Western Union zai aiko da makulli." Na ce masa zauna tukuna, araha ba ta ado. Wannan tatsuniyar ta mai gida matafiyi tsohuwar damfara ce, hotunan ma yawanci na gidan wasu ne aka kwaso a intanet. Gyaran shi ne ka kama masaukin jami'a ko ƙaramin otal na sati biyu, ka je ka ga ɗaki da idonka. In dole sai ka kama kafin ka tashi, nemi wani namu da ke garin ya je ya tsaya cikin ɗakin ya kira ka ta bidiyo. Kuɗi kuwa ta banki, bayan an sa hannu a yarjejeniya.

Sai kuɗin da ake rubutawa a talla, wanda sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. Jamusawa suna da farashi biyu. Kaltmiete kuɗin ɗaki ne tsurarsa, Warmmiete kuma ya haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwashe shara. Wutar lantarki da intanet galibi daban suke, ga harajin rediyo da talabijin da ke kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Abin da ban gane ba shi ne kuɗin ɗumamar nan ƙiyasi ne, a ƙarshen shekara ake yin lissafin gaskiya. Ni da nake ganin hunturun Zariya shi ne ƙarshen sanyi, sai na ƙure na'urar ɗumama ɗaki dare da rana. Ranar da takardar lissafi ta iso sai da na nemi kujera na zauna. A Ingila akwai harajin ƙaramar hukuma kan gidaje. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, amma sai ya kai shaida daga jami'arsa. Kafin ka ce ka kama, tambayi mai gida abin da ke cikin kuɗin ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma tambaya ko akwai kayan kicin. Gidaje da yawa a Jamus haka ake ba da su fayau: bututun ruwa ya leƙo daga bango, wayoyi na reto a silin ko ƙwan fitila babu. Wanda ya tashi ya kwance kabad da murhunsa ya tafi da su.

Inda kunya ke cutar da mu shi ne kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Doka ta yi masa iyaka. A Jamus ba ya wuce kuɗin wata 3 na Kaltmiete, kuma kana da ikon biya kashi uku. A Ingila dokar 2019 ta tsayar da shi a kuɗin sati 5 ga yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar da na karɓi makulli na ga tsaga a jikin kwamin wanke hannu, ga wani baƙin tabo a katakon ƙasa bayan ƙofa. Mai gidan dattijo ne mai fara'a, har shayi ya ba ni. Tarbiyyarmu ba ta yarda ka tsaya kana ƙirga wa babba aibun gidansa a gabansa ba, sai na yi shiru na sa hannu a takardar miƙa ɗaki. Bayan shekara biyu da na zo tashi, tsagar da tabon duk suka zama nawa, aka zabtare su daga kuɗina. Shi bai ɗauki hakan zalunci ba, abin da takarda ta nuna ya bi. Don haka ranar shiga ka ɗauki hoton kowane lungu, har lambobin mita, ka sa a rubuta kowane lahani a takardar, ku sa hannu ku biyu. Ba za su ga rashin ladabinka ba, abin da suke jira ke nan.

Wani kuskuren yana zuwa ne da rigar zumunci. Ɗan uwa ya ce zo ka zauna a ɗakina ka riƙa ba ni rabin kuɗi, ba tare da sanin mai gida ba. A Jamus dole ka yi rajistar adireshinka a ofishin hukuma cikin kwana 14 da shiga, kuma sai da takardar tabbaci daga wanda ya ba ka wurin. In babu rajistar nan, lambar haraji da izinin zama sukan maƙale, wasu bankunan ma ba za su buɗe maka asusu ba. Ƙasashen Larabawa ma sun bi sahu: a Dubai ana yi wa yarjejeniyar haya rajista a tsarin gwamnati mai suna Ejari, a Saudiyya kuma a irinsa mai suna Ejar. Mai gida a Ingila doka ta tilasta masa duba izinin zamanka kafin ya ba ka ɗaki, kada ka ji haushi in ya nema. Haka nan in baƙonka zai wuce 'yan makonni, duba abin da yarjejeniya ta ce kan yawan mazauna.

Tashi ma da ƙa'idarsa. A Tudun Wada kuɗinka na ƙarewa ka kira akori-kura ka kwashe kaya, ka yi wa mai gida sallama. A Jamus sanarwar wata 3 ake bayarwa, a rubuce a takarda da sa hannunka. Saƙon WhatsApp ko imel ba ya ƙirguwa. Takardar ta isa hannun mai gida kafin ranar aiki ta uku ta wata ta wuce, in ba haka ba watan bai shiga lissafi ba. Na san wanda ya dawo unguwar Kongo a Zariya ya kama koyarwa, yana ta biyan hayar ɗakin da babu kowa ciki har wata uku, daga albashin naira.