Yadda Ake Ziyartar Krems da Gonakin Kwarin Wachau

Garin Krems yana bakin kogin Danube a ƙasar Ostiriya, kimanin kilomita 70 yamma da Vienna, kuma daga nan ne kwarin Wachau ya miƙe har zuwa Melk, tsawon kusan kilomita 36, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Mai son zuwa sai ya hau jirgin ƙasa a tashar Franz-Josefs-Bahnhof ta Vienna, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya sauka.

Tun kafin a sayi tikiti, a duba lokaci, domin gona ce ke tafiyar da rayuwar wannan yanki. Itatuwan afirikot, waɗanda mutanen can suke kira Marille, suna fure daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ana kuma tsinkar 'ya'yansu a watan Yuli. Girbin inabi kuwa sai Satumba da Oktoba, kuma a ganina babu lokacin da ya kai wannan.

Idan an iso, a shiga tsohon gari ta ƙofar Steiner Tor, a zaga shi da ƙafa, domin an ambaci sunan Krems a rubuce tun shekarar 995. Amma kada a ƙare yini a cikin gari. A ɗauki hayar keke a bi gefen kogi zuwa Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, sannan a ajiye keken a hau tudu. A can ne za a ga gonakin inabi hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera da hannu ba tare da siminti ba. Katangun suna hana ruwan sama kwashe ƙasa, suna shan zafin rana su sake shi da dare, kuma saboda tsayin gangaren, da hannu ake tsinkar inabin. Irin da aka fi nomawa su ne Grüner Veltliner da Riesling. A tsaya kan hanyar ƙafa, kada a tsinki ko ƙwaya ɗaya, domin gonakin na mutane ne.

Yawancin inabin nan giya ake yi da shi, saboda haka wanda ba ya sha sai ya kula da sunaye. Traubensaft shi ne zallar ruwan inabi, Marillennektar kuma ruwan afirikot ne, duka biyun babu barasa. Sturm da ake sayarwa lokacin girbi ya riga ya fara zama giya ko da an ji shi da zaƙi. A gidajen cin abinci na manoma, wato Heuriger, naman alade ya yi yawa, don haka a tambaya kafin a ci.

Wanda ya kai garin Spitz, da ke gaba da Dürnstein a bakin kogin, yana iya tsallake kogin a jirgin fito da ke rataye da igiyar ƙarfe, wanda ƙarfin ruwa kaɗai ke tura shi. A riƙe kuɗin Yuro a hannu domin biyan kuɗin fito.