Babi na 6: Yadda Kuturtar Gyaɗa Ke Bin Jikin Shuka

Darasi na 1

Kowa ya tsinko ganyen gyaɗa ɗaya, ya ɗaga shi wajen rana. Kun ga jijiyoyin nan? Madalla. Ganyen nan cike yake da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowane da bangonsa, kuma a jikin bangon akwai 'yan kafofi da abinci ke bi daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Ƙwayar bairas ce ke kawo kuturtar gyaɗa, darɓa kuma, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan shuka, ke yawo da ita. Darɓar ta tsotsi ruwan shuka mai ciwo, ta sauka kan lafiyayya, ta zuba mata. Ƙwayar sai ta hayayyafa, ta buɗa kafar bango ta ƙara faɗi, ta wuce ɗaki na gaba. Ta jijiya kuwa take bin abinci har toho, har saiwa.

To, ku natsu a nan. Ranar da kuka ga ganye ya yi rawaya ya ƙanƙance, shukar ta tsugune, ciwon ya riga ya gama jikinta. Tsinke ganyen ba ya magani. A tumɓuke shukar duka, har saiwa. Mu faɗa tare: har saiwa. Sai a binne ta ko a ƙone, kada a yar a bakin kunya, don darɓar da ke jikinta za ta koma kan na kusa. Wanda bai gane ba ya tambaya, babu kunya a neman sani.

Amma don Allah, mutanena! Na sha zagaya gonaki, na tarar an tsinke ganye an bar gindi, wai ana tausayin shuka. Wane tausayi? Feshi darɓa yake kashewa, ba ya fitar da ƙwayar da ta shiga. A 1975 ciwon nan ya cinye gyaɗar Arewa, ku tambayi dattawanku. A tumɓuke, har saiwa.

Darasi na 2

A yi shuka da wuri, kusa da kusa, don darɓa ta fi sauka inda gona ta yi giɓi-giɓi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da iri masu jure ciwon, kamar SAMNUT 23. A nemi malamin gona.

Darasi na 3

A cire gyauron gyaɗa da rani. A jikinsa ciwon ke jiran damina.